Inda Aka Auna Ƙaiƙayi

Duk wanda ya bar tsakiyar Tamale ya miƙi hanyar Salaga, ba zai yi nisa ba zai ci karo da katangar Asibitin Koyarwa na Tamale, kusa da ita kuma ga unguwar Kukuo da kasuwarta. Unguwar na cin albarkacin asibitin. Masu jinya da suka taso daga ƙauyukan Dagomba da Gwanja da Nanumba nan suke sayen koko da ƙosai, da bokiti da tabarma, nan kuma suke yawo da takardar likita a hannu suna leƙa shagunan magani ɗaya bayan ɗaya idan aka ce musu babu a ciki. Da Dagbanci ake yawancin ciniki, amma Hausa ma tana ci, kamar yadda take ci a kowace kasuwa ta arewacin Gana.

A bakin irin waɗannan shaguna akwai wata magana da ta girmi asibitin nesa ba kusa ba. Mutum zai zo ya ce, "Malam, ba ni mai ƙarfi." In ya sha ya ji jiri, ko gumi ya karyo masa, ko ya kwana yana susa, sai ya ce magani ya kama, yana can yana faɗa da ciwon. In kuwa ya sha bai ji komai ba, to an cuce shi, alli aka sayar masa. Tarihin magani a wannan yanki, tun daga fatake har zuwa masu ƙwayar yau, yawancinsa gardama ce a kan wannan zato, kuma wani muhimmin zagaye na gardamar a asibitin Tamale aka yi shi.

Kafin a san asibiti, ayarin fatake ne ke kawo magani daga nesa. Daga Kano da Katsina da Sakkwato suke tasowa, su bi ta Sansanne Mango da Yendi su sauka Salaga neman goron Gwanja, jakunansu ɗauke da tufafi da fatu da kanwa da tozali. A cikin ayarin ba a rasa malami mai rubutun sha, da wanzami mai ƙaho, da ɗan magori mai jakar saiwoyi. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa wannan babbar kasuwa, baƙi suka watsu Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi. Da Turawan Ingila suka mayar da hedkwatar arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, sai ciniki ya bi mulki, zango ya yi ƙarfi a sabon garin.

A cikin wannan kaya kanwa ce ta fi cancanta a tsaya a kanta, domin ita ce abin ƙarin lafiya na mutanen da. Daga Borno da ƙasar Manga ake haƙo ta. A jiƙa ta a sha don kumburin ciki, a ba dabba ta lasa, a jefa ta cikin wake ya yi saurin nuna, a dama kunu da ita a ba mai jego don nono ya kawo. Ba wanda ya taɓa tuhumarta. Sai a shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka bi diddigin matan da ake kawowa bayan haihuwa da kumburin ƙafa da haki da zuciyar da ta gaza. Yawan abin ya ba su mamaki, wajen mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu. Suka danganta shi da kunun kanwa, wanda ke cika jiki da gishiri har ya riƙe ruwa, haɗe da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Kakanni ba ƙarya suka yi ba da suka ce kanwa na aiki a jiki. Aikin ne ya fi ƙarfin zuciyar wasu.

Maganin Bature da ya fara shiga ƙauyukan arewa bai zo da taushi ba. A shekarun 1930 ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya yi ɓarna a ƙasar Mamprusi da wajejen Lawra da Tumu. Ma'aikatan lafiya suka riƙa bi gari-gari, a jera mutane a lalube musu wuya ana neman kaluluwa, wanda aka samu a sa shi layin allura. Allurar ita ce tryparsamide, wadda aka haɗa da sinadarin arsenik, guba sananniya. Tana kashe ƙwayar cutar har wadda ta shiga ƙwaƙwalwa, amma takan taɓa jijiyar gani. A Kamaru, a ƙarshen shekarun 1920, ƙara yawanta fiye da ƙa'ida ya makantar da ɗaruruwan mutane a yankin Bafia. Wadda ta gaje ta a 1949, melarsoprol, takan kashe wajen mutum biyar cikin ɗari da aka yi wa. Ciwon kuwa in aka bar shi kisa yake, don haka ba a da zaɓi. Daga wannan zamani mutanen arewa suka ɗauki darasi biyu masu karo da juna: allura ta fi kowane magani ƙarfi, kuma allura na iya kisa. Har ƙarshen ƙarnin, wani masanin al'adu mai suna Bernhard Bierlich da ya zauna cikin Dagomba ya rubuta yadda mutane ke ƙin a yi wa mai maruru allura, don sun yi imani ajalinsa ke nan.

A 1974 abubuwa biyu suka faru. Gwamnatin Kanar Acheampong ta buɗe sabon babban asibitin Tamale, wanda daga baya, bayan kafa jami'ar UDS a 1992, ya zama asibitin koyarwa na uku a ƙasar, bayan Korle Bu da Komfo Anokye. A 1974 ɗin kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka ƙaddamar da shirin yaƙi da makantar kogi a ƙasashe bakwai na kwarin Volta, da hedkwata a Wagadugu.

Wanda bai ga wannan ciwo ba, da wuya ya gane girmansa. Wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a inda ruwa ke gudu da ƙarfi shi ke sa wa mutum tsutsa. Uwar tsutsar ta dunƙule a ƙarƙashin fata ta yi shekara goma ko fiye tana zuba 'ya'ya dubbai, 'ya'yan su bazu cikin fata har su kai ido. A ƙauyukan bakin Farin Volta da Jan Volta da Sisili, yaro riƙe da sanda yana jan babansa ba abin kallo ba ne. Mutane suka bar ƙasa mai albarka suka koma kan tudu mai tsakuwa. Shirin ya fara ne da feshi daga jiragen sama, saboda maganin sha da ake da shi ba abin da za a raba wa jama'a ba ne.

Magani biyu ne. Suramin allura ce ta jijiya, mako-mako, mai wahalar da ƙoda, wani lokaci ta kashe. Ɗayan kuma ƙwaya ce, DEC, wadda aka fi sani da Banocide. Cikin 'yan sa'o'i da shanta mai ɗauke da tsutsa zai fara susa kamar wanda ya faɗa cikin ƙaiƙayin gero. Fata ta yi ruɗu-ruɗu, kaluluwa ta fito a matsematsi da hammata, zazzaɓi ya rufe shi, gaɓoɓi su riƙe, in ya miƙe tsaye jini ya sauka ya yanke jiki ya faɗi. Mafi muni, idon da ake son ceta yakan ƙara lalacewa. Wani likitan Meziko, Luis Mazzotti, shi ya bayyana wannan hali a 1948, har yau da sunansa ake kiran sa. Abin lura shi ne a nan maganar mutanen kasuwa gaskiya ce tsantsa: wahalar alama ce maganin na aiki, domin gawarwakin 'ya'yan tsutsa ne jiki ke yaƙa. Sai dai gaskiyar ba ta hana mutum makancewa.

A asibitin Tamale wani likita ɗan Gana, Dokta Kwablah Awadzi, ya jagoranci cibiyar binciken magungunan makantar kogi, da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya da haɗin gwiwar makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool. Aikin na haƙuri ne. A ɗauko manoma daga ƙauyukan da ciwon ya yi katutu a kwantar da su. A ɗan tsinke fata a ƙugu, ƙanƙanuwa ƙwarai, a auna nauyinta, a sa ta cikin ruwan gishiri, a jira 'ya'yan tsutsa su fito, a ƙirga su ɗaya-ɗaya a madubin likita. A ba da magani. Daga nan a shiga bibiya: zafin jiki, bugun zuciya, awon jini a kwance da a tsaye, girman kaluluwa, inda ƙuraje suka kai, tsananin susa. Abin da Awadzi ya ƙara wa duniya shi ne ya mayar da waɗannan koke-koke lissafi. A 1980 ya wallafa hanyar ba kowace alama maki, yadda za a iya ɗora magani biyu a sikeli a ce wannan ya fi wancan wahalarwa da kaza. Kafin nan abin da likita zai rubuta bai wuce "ya sha wuya" ko "da sauƙi" ba.

Sikelin ya yi rana ba da daɗewa ba. Kamfanin Merck na Amurka yana da maganin tsutsar dabbobi, ivermectin, wanda aka fara gwadawa a jikin mutane a Dakar a 1981. Tamale na cikin wuraren da aka yi gwajin da ya raba gardama: wasu aka ba su ivermectin, wasu DEC, wasu ƙwayar da ba komai a cikinta, ba tare da likita ko majinyaci ya san wa ya sha me ba. Sakamakon da aka buga a 1986 ya nuna shan ivermectin sau ɗaya ya fi DEC na kwanaki daɗewa yana danne 'ya'yan tsutsa, kuma bai yi wa ido irin ɓarnar DEC ba. Ga magani da ya fi aiki, ya kuma fi sauƙi a jiki. A 1987 Merck ya yi shelar zai ba da shi kyauta da sunan Mectizan har sai an ga bayan ciwon. Yau ɗan sa-kai a ƙauye ke raba shi, da sandar awon tsayi a hannu, ya tsallake mai ciki da yaron da bai kai santimita 90 ba. Cibiyar Awadzi ta koma Hohoe a tsakiyar shekarun 1980. A 2015 William Campbell da Satoshi Omura, waɗanda suka gano maganin, suka karɓi kyautar Nobel. Manoman da aka tsinke wa fata a Tamale ba a kira sunansu a Stockholm ba, kuma 'yan Kukuo ƙalilan ne suka san an yi wannan aiki a maƙwabtansu.

A wajen katangar asibitin kuwa wani ƙaiƙayin ne ke mulki. Duk wanda ya girma kafin shekarar 2000 ya san kulorokwin: ɗacin da ba ya barin harshe, sannan susar da ke farawa a tafin hannu da tafin ƙafa da fatar kai, ta hana barci kwana biyu ko uku, wanka ma ya ƙara tsananta ta. Baƙar fata ta fi addaba, kuma takan bi gida, uba na yi ɗa na yi. Mai kemis ya saba haɗa wa mutum da Piriton, wanda sau da yawa barci kawai yake sawa, susar na nan. Illar da ba a gani ita ce ta fi: mai susa yakan sha na rana ɗaya ya ajiye sauran, zazzaɓin ya lafa bai mutu ba. Irin wannan rabin sha na cikin abubuwan da suka taimaka wa ƙwayar maleriya ta saba da maganin, kuma tun daga tsakiyar shekarun 1980 aka fara ganin kulorokwin na gazawa a Gana.

Lokacin ya zo daidai da talaucin asibitoci. Ƙarshen shekarun 1970 zuwa yunwar 1983 kantocin gwamnati sun bushe. A 1985 aka ƙara kuɗin asibiti, a 1992 aka shigo da tsarin biya kafin a ba ka magani, wanda ya zauna har dokar inshorar lafiya ta 2003. Wanda ba shi da kuɗin kati sai ya nufi mai kemis, ko mai tire a ka, ko mai wa'azin magani a cikin mota. Nan al'adar haɗi ta yi ƙarfi. Mace ta ce, "Alhaji, jikina ne duk ke ciwo." Ya buɗe gwangwani huɗu ko biyar, ya tsinto fara, da ja-da-yalo, da 'yar shuɗiya, ya ƙulle a leda ya ce biyu da safe biyu da dare. A cikin ƙullin sau da yawa akwai maganin ciwon jiki iri biyu, kamar diclofenac da ibuprofen, waɗanda aikinsu ɗaya, illarsu ma ɗaya: su ci bangon ciki har ya yi gyambo ya zubar da jini, su gajiyar da ƙoda, balle ga manomin da ya wuni a rana bai sha ruwa ba. Ja-da-yalon kuma, tetracycline, in aka ba yaro ƙasa da shekara takwas takan rine masa haƙora har abada.

A 2004 Gana ta yanke shawarar sallamar kulorokwin, ta ɗauki haɗin artesunate da amodiaquine. An gudu ba a tsira ba. Wasu kamfanonin cikin gida suka dunƙule adadin babban mutum na yini guda cikin ƙwaya ɗaya, miligiram 600 na amodiaquine, aka riƙa ba mai ƙiba da siriri iri ɗaya. A ƙarshen 2005 gidajen rediyo suka cika da labarai: kasala mai kayar da mutum, rashin barci, wuya ya sandare, harshe ya zazzago waje ya ƙi komawa. Ma'aikatar lafiya ta janye waɗannan ƙwayoyi daga kasuwa, amma sunan maganin ya riga ya ɓaci, har ma'aikatan jinya na gudun sa. Zuwa 2009 dole aka buɗe ƙofa ga artemether-lumefantrine da wani haɗin na uku. A ganin mai wannan rubutu, wannan ne karon farko da jama'a da yawa suka ƙi yarda cewa wahala alamar ƙarfi ce, suka ce a canza musu.

Abin ya samu ƙasar da ɗan shiri. Gana ta shiga shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na sa ido kan illolin magunguna a 2001, masana irin su Farfesa Alex Dodoo na Jami'ar Gana suka tsaya a kai. Hukumar abinci da magunguna, wadda dokar 1992 ta haifa, dokar 2012 ta ƙara wa iko, tana da wata shuɗiyar takarda da ma'aikacin lafiya zai cike in magani ya yi wa wani ba daidai ba, a 2019 kuma aka ƙara da manhajar waya. Matsalar ita ce mai shan maganin bai cika faɗa ba. Dattijo mai hawan jini da aka ɗora a kan lisinopril zai yi wata uku yana busasshen tari, yana sayen maganin tari kwalba-kwalba, bai san ƙwayar safe ce ke jawo shi ba. Hajiya mai shan amlodipine ta ga ƙafa ta kumbura ta ce sammu ne. Mai ciki ta ga bayan gidanta ya yi baƙi saboda ƙwayar ƙarin jini, ta tsorata ta daina, alhali wannan ba komai ba ne. Mai ciwon suga ya sha glibenclamide da sahur, kafin la'asar gumi da karkarwa su kayar da shi. Kowanne da an faɗa masa tun a bakin kanta, da abin ya zo da sauƙi.

Sabon salon da ya shigo kasuwa ya juya tsohuwar gardamar gaba ɗaya, domin yanzu illar ce kanta ake saye. Cyproheptadine maganin mura da borin jini ne, amma yana buɗe ciki yana sa barci, sai ya zama maganin ƙiba na 'yan mata, irin wanda a Kano ake kira sha-ka-fashe. Akan haɗa shi da dexamethasone, wanda ke cika fuska da ruwa har a ce yarinya ta yi kyau, a ƙarƙashi kuwa yana tayar da suga da hawan jini, yana cinye ƙashi, in aka yanke shi rana ɗaya kuma jiki ya rushe. Kodin maganin tari ne, ana shan sa don maye, har Nijeriya ta hana shi a watan Mayun 2018, Gana ma ta bi a shekarar.

Sai tramadol. Wani kamfanin Jamus ya fito da shi a 1977 don ciwo mai tsanani, kuma abin da hukuma ta amince da shi a Gana ƙwayar miligiram 50 ce da ta 100, kada a wuce 400 a yini. Abin da ya cika tashoshin mota a 2017 da 2018 kuwa na 120 ne da 225 da 250. Lebura da ɗan dako da mai tuƙa keken haya na yalo-yalo suka gano yana ɗauke gajiya, wasu samari kuma suka gano yana jinkirta biyan buƙata. A jefa biyu ko uku cikin lemon ƙara kuzari a girgiza. Abin da ke biyo baya ma'aikatan sashen gaggawa sun san shi: saurayi lafiyayye da bai taɓa farfaɗiya ba a kawo shi yana shure-shure, ko numfashi ya yi ƙasa har ya tsaya.

Da aka matsa wa tramadol a 2018, masu kawo shi suka sauya haɗi. A watan Fabrairun 2025 sashen binciken BBC ya nuna wani fim da aka ɗauki wani ɓangarensa a Tamale, inda wata rundunar 'yan sa-kai da wani basarake ya kafa ke bin lunguna tana ƙwace ƙwayoyi tana ƙonawa. Abin da ke cikin ƙwayoyin tapentadol ne, ɗan'uwan tramadol da ya fi shi ƙarfi, haɗe da carisoprodol, maganin sassauta tsoka da Turai ta daina amfani da shi saboda kama mutum da yake yi. Babu ƙasar da ta ba wannan haɗi lasisi. An bi sawun kayan har wata masana'anta kusa da Mumbai, kuma cikin 'yan kwanaki da fitar fim ɗin gwamnatin Indiya ta haramta yin haɗin da fitar da shi waje.